Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Yadda Ƙasusuwan Birai Suka Warware Darasina

Kuskuren malami ba ya tsayawa a bakinsa. Ɗalibai su kwafe shi a littafi, su haddace, su zuba shi a takardar jarrabawa a ba su maki, wasu daga cikinsu kuma su zama malamai su ci gaba da yaɗa shi. Shi ya sa na ga bai dace in haɗiye nawa in yi shiru ba. A gaban jama'a na yi shi, don haka a gaban jama'a ya kamata in warware shi.

Na daɗe ina koyar da ilimin halittu a makarantar sakandare. Duk lokacin da muka zo babin da ke bayanin yadda jikin dabba yake dacewa da abincinta da mazauninta, misalin da na fi ji da shi shi ne birin kolobas. Wanda ya taɓa shiga kurmin Gashaka Gumti, can tsakanin Taraba da Adamawa, ko ya gan shi a talabijin, zai gane wanda nake nufi. Baƙin biri ne mai dogon farin gashi da ya zubo ta kafaɗunsa ya kewaye gadon bayansa, jelarsa doguwa mai farin tuntu. Yana da 'yan'uwa jajaye a dazuzzukan Afirka, yana kuma da dangi a Asiya, irin su birin langur na Indiya da mai dogon hancin nan na tsibirin Borniyo. Gaba ɗayansu ana kiran su birai masu cin ganye.

Abubuwa uku nake nuna wa ɗalibai a jikinsu. Na farko cikinsu. Ba jaka ɗaya ba ce irin ta sauran birai. Ya kasu ɗaki uku ko huɗu, kuma a ɓangaren gaba ne ƙwayoyin bakteriya suke zaune suna ruɓar da ganye kafin ya wuce, kusan yadda ake samu a tumbin saniya. Shi ya sa za ka gan su da tulun ciki, suna shafe yawancin yini a kan reshe suna hutawa, abinci na narkewa a hankali. Na biyu turamen bakinsu. Kowane turmi yana da tsini huɗu, biyu gaba biyu baya, kowane biyu kuma haɗe suke da wata 'yar kunya da ta ratsa haƙorin. Duk biran Afirka da Asiya, ban da dangin su gorila, suna da wannan tsari, amma na kolobas ya fi tsayi da kaifi, na sama na gogar na ƙasa suna datse ganye ƙanana-ƙanana. Na uku hannunsu. Na Afirka ba su da babban yatsa sai ɗan dungu, sauran yatsu huɗun ne ke lanƙwashewa su cafki reshe idan biri ya yi tsalle.

Har zuwa nan ban yi wa kowa ƙarya ba. Inda na zame shi ne sakin layin da ya biyo baya a takardar darasin da na buga, wadda aka yi ta fotokwafinta aji bayan aji. A ciki na rubuta cewa waɗannan birai tun asalinsu a saman bishiya suke, tun asalinsu ganye suke ci, kuma tun farkon fari babban yatsansu ya guntule saboda tsalle-tsalle. Na ƙara da cewa su ne suka fi kama da kakan dukkan biran Afirka da Asiya.

Rabin wannan magana daga wani tsohon littafi na ɗauko ta. Lallai an yi zamanin da masana da yawa suke ganin cewa kunyoyin nan na haƙori don yankan ganye suka samu, saboda haka biran farko masu cin ganye ne, masu gajeriyar fuska irin ta kolobas. Ɗaya rabin kuwa daga kaina na ƙulla shi. Na dubi birin yau, na ga komai nasa ya zauna daram, ciki da haƙori da hannu duk sun haɗu a kan ganye da reshe, sai na ce ai biri ya yi kama da mutum, dole haka abin ya taso. Na haɗa na littafi da na kaina a tukunya ɗaya, na ba yara ba tare da na ware musu wanne ne wanne ba.

Wata rana wata ɗaliba ta ɗaga hannu. Ta ce, "Malam, ai ciki nama ne, ruɓewa yake. To ta yaya aka san abin da na dā suke ci?" Ba ni da amsa. Maimakon in faɗi haka, sai na ce, "Ke dai rubuta, masana ne suka ce." Aji ya yi dariya, ta sunkuyar da kai ta rubuta. Na wuce babi na gaba ina ganin na kare mutuncina.

Bayan shekaru ta shiga jami'a tana karanta ilimin dabbobi. Sai ga saƙonta ta WhatsApp. Ta yi doguwar gaisuwa, ta tambayi iyali da makaranta, sannan ta ce, "Allah ya gafarta Malam, na ci karo da wasu takardu a kan birin nan da ka koya mana, na ce bari in turo ko za ka duba. Ka fi ni sani." Ko kalma ɗaya ba ta ce na yi kuskure ba. Takardun ne suka faɗa, kuma ba su yi mini kara ba.

Takarda ta farko ta kai ni Girka. Gabas da birnin Atina akwai wani wuri da ake kira Pikermi, inda ƙasusuwan dabbobin da suka rayu kimanin shekaru miliyan 7 da suka wuce suka daskare a cikin jar ƙasa suka zama dutse. Ana ba da labarin cewa a 1838 wani sojan Babariya da ke aiki a Girka ya tsinci wasu daga ciki, ya ga wasu 'yan duwatsu na ƙyalli a kogonsu, ya ɗauka lu'ulu'u ne, ya kai su birnin Munik. Lu'ulu'u dai bai samu ba, amma masanin da ya duba su, Andreas Wagner, ya gane akwai muƙamuƙin biri a ciki, kuma a 1839 ya raɗa masa suna Mesopithecus. Daga baya Bafaranshe Albert Gaudry ya yi haƙa a wurin ya samo ƙasusuwan birin masu yawa, tare da na raƙuman dawa da karkanda da wasu dawakai masu yatsu uku. Tsarin haƙoransa da ƙoƙon kansa sun nuna ɗan gidan su kolobas ne. Amma ƙasusuwan ƙafafunsa da hannuwansa na dabbar da ke raba rayuwarta ne tsakanin ƙasa da bishiya. Irin wannan birin ya bazu ƙwarai, an same shi a Bulgeriya da Iran da Afganistan, a 2020 kuma Nina Jablonski da abokan aikinta suka ba da rahotonsa daga lardin Yunan na ƙasar Sin, a ƙasa mai shekaru miliyan 6.4. Birin da bai taɓa sauka daga reshe ba da wuya ya ratsa wannan tazara.

A nan kuma na samu amsar tambayar da na danne a aji. Gaskiyar ɗalibata ce, ciki ba ya zama dutse. Amma haƙori yana zama, kuma haƙori ba ya mantuwa. Duk abin da dabba ta tauna a kwanakinta na ƙarshe yana barin sawu a fatar haƙorin, sawun da ba a ganinsa sai da madubin ƙara girman ƙananan abubuwa. Ganye mai kauri, wanda sai an ja shi tsakanin haƙora kafin ya yanke, yana barin zane-zane sirara dogaye masu bin hanya ɗaya. Ƙwallo da iri masu tauri, waɗanda ake dannewa su fashe, suna barin 'yan ramuka da tsagogi a warwatse. Masana sukan zuba wani irin danƙo a kan haƙori su ɗauki zubinsa, su auna sawun, su gwada shi da na biran yau waɗanda aka san abincinsu. A 2009 Gildas Merceron da abokan aikinsa sun yi wannan gwaji a kan haƙoran Mesopithecus. Sawun bai yi kama da na masu cin ganye zalla ba. Ya fi kusa da na masu fasa iri da 'ya'yan itace masu tauri.

Takarda ta biyu ta dawo da ni Afirka, tsibirin Maboko da ke cikin Tafkin Biktoriya a ɓangaren Kenya. A can aka samu burbushin wani ƙaramin biri mai suna Victoriapithecus, wanda ya rayu kimanin shekaru miliyan 15 da suka wuce. Shi ba kolobas ba ne, daga wani reshe yake da ya riga rabuwar gidan kolobas da gidan su jan biri da gwaggon biri, don haka shi ne madubi mafi kyau na yadda biran farko suke. A 1997 Brenda Benefit da Monte McCrossin suka bayyana cikakken ƙoƙon kansa. Ba gajeriyar fuska da zagayayyen kai irin na kolobas aka gani ba. Ƙoƙon dogo ne, ƙasa-ƙasa, bakin ya ɗan miƙo. Tsinayen turamensa gajeru ne, kunyoyin ba su ma gama haɗuwa ba, haƙoran mai cin 'ya'yan itace ke nan. Gaɓoɓinsa kuma sun nuna yana yawo a ƙasa. Tsohon littafin da na dogara da shi an rubuta shi ne kafin wannan ƙoƙon kai ya fito daga ƙasa. Laifin marubucinsa kaɗan ne, domin ya faɗi abin da zamaninsa ya sani. Nawa laifin shi ne ban taɓa duba shekarar da aka buga littafin ba.

Da na gama waɗannan biyun, sai kunya ta tunzura ni. Na zauna na sake rubuta sakin layin gaba ɗaya a juye. Na ce kakannin kolobas 'yan ƙasa ne, daga baya suka hau bishiya. Na tura wa ɗalibar ina jiran yabo. Ta amsa da cewa, "Malam, ka ga ta ukun kuwa?" Ban gani ba. Garin gyaran gira saura kaɗan in tsole ido.

Takarda ta uku a kan Nakali take, wani wuri a kwarin Rift na Kenya, inda ayarin masanan Japan da Kenya suka haƙo ƙwarangwal biyu, ba cikakku ba, na wani ɗan ƙaramin biri mai suna Microcolobus. Benefit da Martin Pickford ne suka fara ba shi suna a 1986 daga wani muƙamuƙi da aka samu a tsaunukan Tugen. Ƙasar yankin tana da shimfiɗu na tokar duwatsu masu aman wuta, kuma da irin wannan toka ake auna shekaru, shi ya sa aka iya cewa ƙasusuwan Nakali sun kusa shekaru miliyan 10. Nauyin birin bai wuce kilo 4 zuwa 5 ba. Rahoton da Masato Nakatsukasa da abokansa suka fitar a 2010 ya nuna gaɓoɓinsa na mai rayuwa a kan bishiya ne, ga shi kuma ya girmi Mesopithecus na Pikermi da kusan shekaru miliyan 3. Sabon sakin layina ya faɗi tun kafin ya isa aji. Wani abu kuma, wannan mazaunin bishiya babban yatsansa bai guntule ba.

To a ina aka fara ganin gajeren yatsan? A Koobi Fora, gabashin Tafkin Turkana, a hannun wani babban biri mai suna Cercopithecoides williamsi da ya rayu kusan shekaru miliyan 2 da suka wuce. A 2015 Stephen Frost da abokan aikinsa suka nuna cewa ƙashin babban yatsansa ya ƙanƙance kusan irin na kolobas ɗin yau. Shi kuwa wannan biri a ƙasa yake yawancin harkarsa. Na bishiya yana da yatsa, na ƙasa ya rasa. Masu binciken sun fassara abin da cewa kakanninsa sun zauna a bishiya har yatsan ya ragu, daga baya zuriyar ta sauko. Wato hanyar ba miƙaƙƙiya ba ce. An hau, an sauko, wasu sun tsaya a tsakani.

Kuma gidan ya taɓa yin faɗi fiye da yau. A 1966 Richard Leakey ya haƙo ƙwarangwal kusan cikakke kusa da Tafkin Baringo, na wani biri da ya kira Paracolobus chemeroni, mai kimanin shekaru miliyan 3. Ana ƙiyasin ya haura kilo 30, alhali baƙi-da-farin kolobas na yau bai cika wuce kilo 14 ba. An samu wasu a Habasha da Masar da Afirka ta Kudu da Faransa. Har nan maƙwabtanmu Chadi, a Toros-Menalla cikin hamadar Jurab, inda a 2001 aka tsinci wani ƙoƙon kai da ake kira Tumai, an samu ƙasusuwan wani ɗan wannan gida mai kimanin shekaru miliyan 7, wanda a 2019 aka sa wa suna Cercopithecoides bruneti. Wurin da yau ba ka ganin komai sai rairayi, a lokacin bakin ruwa ne mai kifi da kada da dorina. Biran kolobas da muke gani yanzu ragowa ne na babban dangi, kuma ni na ɗauki ragowar na mai da ita asali.

Saura batun ganye. Mafi tsufan abin da ake dangantawa da wannan gida haƙora biyu ne kacal, daga Kabasero a tsaunukan Tugen, masu shekaru miliyan 12.5, waɗanda James Rossie da Christopher Gilbert da Andrew Hill suka bayyana a 2013. Tsinayensu ba su kai na kolobas ɗin yau tsayi ba. Wannan ya ƙarfafa ra'ayin da wasu masana suka daɗe da kawowa, cewa cin iri ne ya share wa cin ganye hanya. Dalilin yana da sauƙin fahimta. Iri da yawa suna da tauri, suna kuma ɗauke da ɗaci da guba da bishiya ke sa musu don kare kanta. Haƙorin da zai tsaga su da cikin da zai kashe dafinsu, su ne dai kayan aikin da ake buƙata wajen ganye. Hasali ma ko a yau sunan "masu cin ganye" ya yi musu kaɗan. Tun a shekarun 1970 Doyle McKey ya bi baƙin kolobas a dajin Duwala-Edeya na Kamaru, ya tarar fiye da rabin abincinsa iri ne. Ra'ayin cin iri ra'ayi ne mai hujja, kuma haka nake faɗa wa ɗalibai yanzu, ra'ayi mai hujja, ba hukuncin da aka rufe ba.

Da na zauna na yi wa kaina hisabi, sai na ga laifina hawa uku ne. Na ƙasa shi ne na karanta jiya daga fuskar yau. Kamar mutum ne ya shiga shagon tela, ya ga keke da almakashi da zare komai a muhallinsa, ya fito yana rantsuwa cewa kakan telan ma ɗinki yake yi, alhali wataƙila maƙeri ne. Dacewar kayan aiki da sana'a tana nuna abin da ake yi yanzu, ba ta ba da labarin yadda aka zo nan. Ciki da haƙori da yatsa sun haɗu a jikin kolobas, amma ba rana ɗaya suka zo ba, kuma ƙasusuwa ne ke taimakawa wajen jera su, wanne ya riga wanne.

Hawa na biyu shi ne daɗin labari. Bayanin da na ƙulla yana da santsi, yana shiga kai, yaro ya ji sau ɗaya ya riƙe. Santsin nan ne ya hana ni tuhumarsa. Da aka nuna mini ya karye, ban koyi darasi nan take ba, sai na ruga na ƙulla wani mai santsi irinsa a juye, daga takardu biyu kawai. Ashe ciwona ba rashin sabon littafi ba ne kaɗai, son gajeren labari ne wanda ba shi da "amma". Mutanen da suka ƙare rayuwarsu a kan waɗannan duwatsu, dubi yadda suke magana. Haƙora biyu suka samu a Kabasero, kuma iyakar abin da haƙora biyu za su iya ɗauka suka ɗora musu. Ni da ban taɓa riƙe ko ɗaya a hannu ba, na yanke hukunci a kan shekaru fiye da miliyan goma a jimla uku.

Hawa na sama, wanda ya fi yi mini ciwo, shi ne abin da na yi wa yarinyar nan. Tambayarta ita ce ainihin tambayar da masana suka shafe shekaru suna neman hanyar amsawa, har suka koyi karanta sawu a jikin haƙori. Ita ce ta yi kimiyya a ajin ran nan, ni kuwa na yi amfani da sunan kimiyya na rufe mata baki. Muna yawan cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gano ba, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma sau da yawa mukan fake da wannan karin magana a inda babban bai hango komai ba, tsoron a gane haka ne kawai yake ji. Allah ya sa ita mai naci ce, dariyar aji ba ta kashe mata gwiwa ba. Ina tunanin sauran da suka ga abin da ya same ta suka fasa ɗaga hannu. Na nemi gafararta, ta ce ba komai, amma na san da komai.

Yanzu idan na zo wannan babi, allo nake rabawa gida uku. Gida ɗaya na abin da aka gani da ido aka auna: ga haƙori, ga ƙashi, ga inda aka same shi, ga shekarunsa. Gida na biyu na fassarar da masana suka yi wa abin, tare da sunan wanda ya yi ta da shekarar. Gida na uku na abin da ni malam nake zato, kuma nakan ce wa ɗalibai wannan gidan ba ya shiga jarrabawa. Darasin ya fi ɗaukar lokaci, ya fi tayar da gardama, amma ban taɓa ganin yara sun farka a aji kamar haka ba.

Kirana ga 'yan'uwana malamai, na boko da na allo, da masu magana a rediyo da masu rubutu a jarida, shi ne mu koma mu buɗe tsofaffin takardunmu. Mu duba shekarar littafin da muka kwafo, mu ware abin da muka karanta daga abin da muka ƙara da kanmu. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ranar da yaro ya yi maka tambayar da ta fi ƙarfinka kuma, kada ka ce masa masana ne suka ce. Ka ce, "Ban sani ba, amma zo mu bincika." Ba za ta rage maka komai ba, shi kuwa za ta iya mai da shi masani.